Injin Niƙa da Yadda A Ke Kula da Shi

A zamanin da, mata su kan durƙusa gaban dutsen niƙa tun da asuba, su niƙa dawa ko gero da hannu. Yau kuwa, sai a aiki yaro da ƙwarya zuwa wurin mai inji, kafin a jima ya komo da gari.

A cikin injin niƙa akwai faya-fayan ƙarfe biyu masu haƙora. Ɗaya yana tsaye, ɗaya yana juyawa, hatsi kuwa yana bi ta tsakaninsu yana murƙushewa. Yau da gobe haƙoran nan su kan dakushe. In sun dakushe, gari ba ya laushi, inji kuma ya kan sha mai fiye da kima. Saboda haka dole a kwance su a wasa, ko a sake sababbi.

Mai inji mai hankali ba ya ta da injinsa sai ya duba baƙin mai da ruwa, ya shafa giris, ya ga ko bel ya saki. Ya kan gargaɗi masu kawo niƙa su tsince tsakuwa da ƙusa, domin ƙusa ɗaya ta isa ta fasa ƙarfe.

Akwai kuma manyan ma'aikatun niƙa alkama. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, ma'aikatarsa ta Apapa, a Ikko, ta fara niƙa a 1962. A irin waɗannan wurare a kan tace alkama tukuna, maganaɗisu ya zare gutsattsarin ƙarfe. Sa'an nan a jiƙa ta kaɗan, ta bi ta tsakanin gungumomin ƙarfe masu juyawa, a tankaɗe, a raba fulawa da dusa. Injunan suna haɗe kamar sarƙa, watau in ɗaya ya tsaya, sauran ma sai su tsaya.

Don haka injiniyoyi ba su jira sai abu ya lalace. Suna da ranakun da su ke tsai da aiki su bincika kome, su rubuta a littafi. Su kan share ƙurar gari kullum, domin tana iya kama wuta. Su kan kuma ajiye kayan gyara a sito, gama yawancinsu daga ƙasashen waje a ke sayo su, kuma su kan daɗe ba su iso ba.

In ma'aikata ta tsaya, fulawa ta yi wuya, mai burodi da mai gurasa su rasa sana'a, abinci ya yi tsada. Ashe gaskiyar Hausawa ne da su ka ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa in haƙoran inji sun dakushe?
2. Mene ne amfanin maganaɗisu a ma'aikatar fulawa?
3. Don me a ke ajiye kayan gyara a sito?