Bugun zuciya shi ke faɗa maka nauyin aikinka

Da damina ta kankama, koken da muka fi ji a ɗakin duba marasa lafiya a nan Tasawa shi ne: "Likita, ina kama hauya sai zuciyata ta riƙa dukan uku-uku." Masu zuwa daga karkarar Mayahi ma haka, musamman mata masu daka da jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi. Galibinsu lafiyarsu lau, amma akwai waɗanda wannan bugun gargaɗi ne a gare su.

Baligi in yana zaune, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini kusan lita 5. Da ya fara aikin ƙarfi, naman jiki ya nemi ƙarin iska, sai zuciya ta ƙara sauri. Jinin da take turawa kan ninka har sau huɗu. Saurin kuwa yana da iyaka. Ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwarka. Mai shekara 40, tasa 180 ce. In bugunsa na tsakanin 90 da 126, aikin matsakaici ne, kamar tafiya da sauri zuwa gona. Daga 126 zuwa 153 ya shiga aiki mai tsanani, irin na ɗan kokawa a fage. Dattijo mai shekara 60 kuwa, kada ya daɗe sama da 136.

Aunawa ba ta buƙatar na'ura. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. In babu agogo, gwada magana. Mai iya amsa gaisuwar maƙwabcin gona daki-daki yana tsaka-tsaki. Wanda "lafiya lau" ma sai ya tsaya ya ja numfashi, ya kai maƙura, ya sassauta.

Rana ma tana ƙara kaya. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, gumi ya rage ruwan jiki, zuciya ta ƙara sauri ko da aikin bai ƙaru ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma haka suke yi. Shi ya sa muke cewa a yi sammako, a sha ruwa tun kafin ƙishi, a huta da rana tsaka.

Ku zo asibiti ba jinkiri in aiki ya zo da ciwon ƙirji, jiri, suma, ko bugu mai tsallake-tsallake. Haka in an huta minti goma zuciya ba ta lafa ba. Maijego mai haki da kumburin ƙafa, a kawo ta nan take, domin ciwon zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa.

Ku kuma ƴan kasuwa da ma'aikatan ofis da kuka koma kan babur, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko 75 na mai tsanani. Ku fara da tafiyar rabin awa bayan asuba. Mai hawan jini ya zo mu auna shi kafin ya fara. Allah ya ƙara mana lafiya.