DARASI: SAWUN DA KAKE BARI A INTANET



Ɗalibi, ka taɓa lura da bakin rafi bayan an ɗauke ruwa? Duk wanda ya ratsa, mutum ko dabba, sai ya bar sawu. Mai bin sawu yakan duba ya ce, wannan yaro ne, gabas ya nufa, kuma da gudu ya wuce. To, haka intanet take. Sai dai sawun bakin rafi iska tana shafe shi, na intanet kuwa yakan yi shekaru yana nan.

Sawun ya kasu kashi biyu

Na farko shi ne wanda ka bari da saninka: hoton da ka ɗora a Facebook, muryar da ka tura a WhatsApp, bidiyon da ka sa a TikTok. Na biyu shi ne wanda ka bari ba ka sani ba. Waya tana iya ajiye ranar da aka ɗauki hoto da wurin da aka ɗauke shi. Kamfanoni suna adana abin da ka bincika da abin da ka kalla. A Nijeriya kuma, tun shekarar 2020 hukuma ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi. Ashe ke nan, sunan ƙarya bai isa ya ɓoye mutum ba.

"Malam, ai sai in goge"

Haka da yawanku kan ce. Amma ka sani, saƙon da ka tura ba a wayarka kaɗai yake ba. Ya shiga wayar duk wanda ya karɓa, mutum ɗaya ne ko hamsin. Kafin ka goge, wani ya riga ya ɗauki hoton saƙon ya tura gaba. Naka ka goge, nasu fa? Magana zarar bunu ce.

Ga misali. A shekarar 2017, Jami'ar Harvard ta Amurka ta janye gurbin karatun ɗalibai aƙalla 10 da ta riga ta ɗauka. Laifinsu shi ne hotuna da barkwancin cin mutunci da suka riƙa tura wa juna a wani rukunin sirri na Facebook. Sun ɗauka tsakaninsu ne kawai. Haka nan tun 2019, yawancin masu neman bizar Amurka sai sun rubuta sunayen da suka yi amfani da su a dandalin sada zumunta cikin shekara 5 da suka wuce. Lissafa mana: abin da ka rubuta kana ɗan shekara 14, yana iya tarar da kai kana ɗan 19.

Sawun wani amana ne

Ke ɗaliba, in kin ɗauki hoton ƙawarki kin watsa ba da izininta ba, sawu kika ajiye mata wanda ba ta zaɓa ba. Kai kuma da kake aron wayar Mama, duk zagin da ka rubuta, da sunanta ya fita. Labarin da ba ka tabbatar ba kuwa, ko ba kai ka ƙirƙira ba, da ka tura shi ka sa ƙafarka a ciki.

Kafin ka danna, tambayi kanka:

1. Gaskiya ne, na tabbatar?
2. Zan iya faɗin haka a gaban mahaifina da malamina?
3. Wanda abin ya shafa ya yarda?

In ɗaya ta zama a'a, ɗauke yatsanka.

Ga iyaye

Facebook da TikTok ba su yarda yaron da bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi. Kada a ƙara wa yaro shekaru don a buɗe masa. Ku ma a yi hattara da ɗora hoton yaro sanye da kayan makaranta, ga sunansa ga ajinsa, domin kun nuna wa baƙo inda zai same shi.

Aikin gida

Zauna da Baba ko Mama, ku duba saƙo 10 na ƙarshe da ka tura. Nawa ne suka haye tambayoyin nan uku? Kawo amsar ranar Asabar.

Allah Ya sa mu gane, amin. Wassalam.