Tsabtar Jikin Yaro Gabannin Balaga: Gargaɗi ga Iyaye Maza

Ya kai mai karatu, ko kai uba ne, ko baffa, ko kawu, ko wa wanda aka bar wa riƙon ƙane, wannan magana taka ce. Ka san manomin ƙasar Dambatta ko Bichi ba ya jiran ruwan shuka ya sauka kāna ya gyara gona. Tun da rani ya ke kai taki a kan jaki, ya yi sharar gona, ya ajiye iri. Haka ya kamata ka yi da ɗanka mai shekara 10 ko 11, gama lokaci yana zuwa da jikinsa za ya sāke, kuma abin da bai koya ba kafin ranan nan, da wuya ya karɓe shi daga bakinka bayanta. Masu magana sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

1. ABIN DA KE ZUWA

Likitoci sun tabbatar alamun balaga su kan soma ga yara maza tsakanin shekara 9 da 14. Wani ya kan yi sauri, wani ya kan yi jinkiri, duka biyu lafiya ne. Murya ta kan buɗe, gashi ya fito a hammata da mara, fuska ta yi maiƙo har ƙuraje su feso. Wani yaro nononsa ya kan ɗan kumbura, ya kuwa saɓe don kansa. Gumi kuma ya kan sāke, ya soma wari. Ku sani gumin kansa ba shi da wari. Waɗansu ƙwayoyin halitta ne a bisa fata, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ke cin gumin hammata, daga nan tsami ya tashi. Saboda haka turare ba ya maganinsa, sai ruwa da sabulu.

Akwai kuma mafarkin dare. Wannan ba ciwo ba ne, ba kuwa aikin iska ba. Alama ce jiki yana girma bisa ga yadda Allah ya shirya shi. Ka faɗa wa yaro tun bai gani ba, domin ran da ya gani kada ya firgita, ya ɓoye wandonsa, sai ya tashi ya yi wanka, ya wanke shi, ya shanya.

2. WANENE ZA YA FAƊA MASA?

Sa'ad da yaro ya ke ƙarami, uwarsa ke yi masa wanka. Bayan kaciya ya kan janye daga ɗakinta, ya koma kwana a zaure tare da tsararrakinsa. Uwa ta ce ya wuce hannunta, uba kuwa ya ce ai bai isa magana ba tukuna. Ta haka yaro ya kan zauna shekaru ba mai duban wuyansa ko ƙumbansa.

A gidan maƙwabcinka Musulmi, malamin allo yana koya wa yara tsarki da alwala da wanka. Kai da ka shiga sabuwar hanya, kada ka bar ɗanka ba malami, har mutanen gari su ce bin Almasihu ya kawo ƙazanta cikin gida. In kuwa ɗan fari ne, kunya ta hana ka, to, kunyan nan ba laifi ba ce, amma ka ɗora aikin a kan baffansa ko kawunsa, ka kuma bincika ko an yi. Abin da ba shi da kyau shi ne kowa ya yi shiru.

Kada a yi maganar gaban ƙannensa ko 'yammatan gida, kada kuma a yi ta da ba'a. Ka ɗauke shi ku tafi gona ku biyu. A kan hanya ka ce masa, “Samari, ka kusa zama mutum. Abin da ubana ya nuna mini, yau zan nuna maka.” Ran kasuwa ka saya masa sosonsa, da sabulunsa, ko na salo ne, da wando na biyu. Yaron da ke da wando ɗaya tak, ƙaƙa za ya wanke shi?

3. ABIN YI KOWACE RANA

Na fari, wanka sau ɗaya a yini, ya fi kyau da maraice bayan an taso daga gona ko kiwo. Ya cuɗa hammata, da matsematsi, da bayan kunne, da tsakanin yatsun ƙafa, ya bushe sarai kāna ya sa tufa. Da bazara, sa'ad da rijiya ta ja baya, rabin bokiti ya isa ga wanda ya iya. Da hunturu yara su kan gudu daga ruwa har kaushi da faso su kama su. A ɗumama masa ruwa, ya yi wanka da hantsi, ya shafa man kaɗanya ko man gyaɗa.

Na biyu, wanke hannu da sabulu bayan ya fito daga masai, bayan ya taɓa taki ko maganin feshi, da kuma kafin ya sa hannu cikin akushi. In ba sabulu, toka ta fi ruwa kaɗai. A yanke ƙumba kowane mako.

Na uku, baki. Ya goge haƙora safe da dare, ko da aswaki, ko da buroshi da man goge baki.

Na huɗu, fuska. Ya wanke ta safe da yamma, kada ya matse ƙuraje, gama matsa ita ke barin tabo.

Na biyar, tufafi da shimfiɗa. Wanka ba shi da amfani in an koma cikin rigar jiya mai gumi. Ya koyi wanke nasa da hannunsa. A shanya tabarma da mayafi a rana. In ƙazwa ta shiga zaure, lalle a yi wa dukan masu kwana ciki magani rana ɗaya, in ba haka ba za ta yi ta zagawa. Wajen aski kuma, ka ba shi sabuwar reza ya kai wa wanzami, domin askar da ta bi kawuna da yawa tana iya ɗaukar makero, har da ciwon hanta wanda ke bin jini.

4. JINI CIKIN FITSARI BA ALAMAR BALAGA BA NE

Ga magana wadda ta fi duka nauyi. A ƙauyuka da yawa, in yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, abokansa su kan ce masa ya girma ke nan. Wannan kuskure ne mai ɓarna. Sunan abin tsargiya, tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsan nan a Alƙahira cikin shekara ta 1851. A 1915 kuma Robert Leiper ya nuna a Masar yadda ta ke bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa. Mai ciwo ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga dodon koɗi, su fito, su huda fatar wanda ya shiga wanka ko su, ba tare da ya ji ba.

A ƙasarmu kowane gari yana da kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini. Ga kuma madatsun ruwa da aka gina tsakanin 1970 da 1980, kamar Tomas kusa da Dambatta, da Watari a Bagwai, da na Jakara a ƙasar Minjibir. Albarka ne ga masu noman rani, amma kwantaccen ruwa gidan dodon koɗi ne, kuma yara masu wannan shekaru su suka fi kowa iyo a ciki. Yaro ya kan ce ya yi wanka, alhali ciwo ya ɗebo.

In an ƙyale tsargiya, ta kan rage jini, yaro ya rame, karatu ya gagare shi. Bayan shekaru ta kan ɓata mafitsara da ƙoda, har ta taɓa haihuwa. Amma tana da magani, ƙwaya ce mai suna praziquantel, a kan ba da ita gwargwadon tsawon yaro ko nauyinsa, a asibiti, wani lokaci kuma a makarantun firamare. Sai dai ba ta hana sāke kamuwa. Don haka ya yi wanka da ruwan rijiya ko na famfo. In babu sai na tafki, a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana 2 cikin randa kafin a yi wanka da shi. Ka hore shi kada ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko bakinsa, gama wannan zalunci ne ga 'ya'yan maƙwabta.

5. HAƘURI

Hali ba ya zama cikin kwana ɗaya. Za ya manta, ka tuna masa a keɓe. Ran da ya yi daidai, ka yaba. Fiye da kome, ya ga kai kana yi, domin idon yaro ya fi kunnensa koyo. Jikin nan amana ne a hannunsa, shi kuma amana ne a hannunka.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ke kawo warin gumi, mene ne kuma maganinsa?
2. In kunya ta hana uba magana, wa za ya tsaya maimakonsa?
3. Ta wace hanya tsargiya ke shiga jiki?
4. A gidanka, wane yaro ne ya kai shekara 10, wace rana kuma za ka kira shi?