Darasin Wata: Badon Teku da Ya Zama Dutse

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan duwatsu yake, domin dutse ma littafi ne ga wanda ya iya karatunsa.

Akwai wata halitta a ƙarƙashin teku da masana ke kira badon teku. In ka gan ta sai ka ce tsiro ce, don tana da kara da kai kamar fure. Amma dabba ce. Tana maƙale a ƙasan ruwa, tana kama abinci da hannuwanta. Karanta ƙananan zobba ne a jere kamar 'ya'yan carbi. Masana sun ce ta bayyana shekara wajen miliyan 480 da suka wuce, har yau kuma akwai irinta.

Yaya take zama dutse? Idan ta mutu, laka kan rufe ta tare da kwanson sauran halittu. A hankali sai su daskare su zama dutsen farar ƙasa. Yawanci zobban kan watse, shi ya sa samun cikakkiya ke da wuya. Ana haƙo cikakku a Erfoud ta ƙasar Maroko.

To, mu fa? Shekara wajen miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe ƙasar Sakkwato. Shaidar tana Kalambaina, inda ake fasa dutsen farar ƙasa ana yin siminti tun 1967. A cikin dutsen ana samun kwanson katantanwa da bushiyar teku, wadda dangi ce ga badon teku. A yankin Goronyo kuma an haƙo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, har a 1972 aka sa masa sunan garin. Ikon Allah ke nan!

Duwatsun Abare da kewayen Anka da Bukkuyum dabam suke. Sun girmi na Kalambaina nesa ba kusa ba, zafin cikin ƙasa kuma ya toya su, don haka ba a samun burbushin halittu a cikinsu. Abin da suka ƙunsa shi ne zinariya da dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da niƙan dutse a cikin gidaje ya jawo gubar dalma ta hallaka yara wajen 400 a Zamfara, har da na Abare.

Saboda haka mu kiyaye abu biyu. Kada a kawo dutsen haƙa cikin gida a daka. In kuwa tafiya ta kai ka ƙasar Sakkwato ka tsinci dutse mai siffar kwanso ko ƙashi, kada ka fasa. Lura da inda ka same shi, ka nuna wa malaminku.

Tambayoyi:
1. Badon teku tsiro ne ko dabba?
2. Me ya nuna teku ya taɓa rufe Sakkwato?
3. Me ya sa ba a daka dutsen haƙa a gida?