Daga Karkara Zuwa Sana'ar Tsara Manhaja: Darasi Ga Matasan Sabo Ta Ibadan

Gabatarwa

Tun shekarar 1916, sa'ad da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a gefen Mokola cikin birnin Ibadan, samari ba su daina barin ƙauyukansu na Arewa suna sauka a wannan wuri don neman abin kansu ba. A da, goro da shanu su ne ginshiƙin arzikin unguwar. Akan sayi goro a gonakin ƙasar Yarbawa, a ɗaure shi huhu-huhu a aika Arewa, shanu kuma su gangaro Kudu a sayar wa mahauta. Daga baya canjin kuɗi da sufuri suka shigo.

Amma da yawa daga cikin baƙin ba su da jari, sai su kama dako, ko wankin takalmi, ko acaɓa. Ƙarfin jiki kuwa yana da ranar ƙarewa. Rumfar kasuwa ma tana iya salwanta cikin yini ɗaya, kamar yadda aka gani a rikicin kasuwar Sasa cikin watan Fabrairu na 2021. Saboda haka wajibi ne matasa su nemi sana'ar da ke zaune cikin ƙwaƙwalwa, wadda gobara ba ta ci. Ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i ita ce tsara manhajar kwamfuta.

Mece Ce Wannan Sana'a?

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka umurce ta. Manhaja ita ce jerin umurnin da mutum ya rubuta mata, daki-daki, cikin harshe na musamman. Tushen aikin tsoho ne. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan jerin matakai da ita ta samo asali daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya zauna a Bagadaza cikin ƙarni na 9.

Abubuwa uku ne tubalin kowace manhaja:

1. Jerantawa, wato a yi wannan kafin wancan.
2. Sharaɗi, wato in kaza ya faru a yi kaza, in bai faru ba a yi wani abu dabam.
3. Maimaitawa, wato a yi ta yin abu ɗaya har a kai ƙarshen lissafi.

Ga misali. Wani maigida a Sabo yana bin mahauta 200 bashin shanu. Mai tsara manhaja zai rubuta cewa: a ɗauki sunan farko cikin littafin bashi, a duba ranar da ya karɓi saniya, in kwana 30 sun wuce bai biya ba, a aika masa saƙon tuni ta waya, in ba su wuce ba, a ƙyale shi, sa'an nan a koma suna na gaba, har a gama duka 200. Aikin da zai ci wa malamin maigida yini guda, kwamfuta za ta gama shi kafin ƙiftawar ido.

Wanda ya tashi a ƙauye ya riga ya san irin wannan tunani. Manomi ya san sai an yi sharar gona kafin shuka, ya san in ruwa ya sauka sosai a yi shuka, in yayyafi ne a dakata, ya kuma san bin kunya ɗaya bayan ɗaya har a gama noma. Abin da ya rage masa shi ne koyon harshen da za a faɗa wa na'ura.

Ibadan Da Tarihin Kwamfuta

Mazauna Sabo suna kusa da ɗaya daga cikin wuraren da wannan ilmi ya fara kafuwa a Nijeriya. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ta zama cikakkiyar jami'a a 1962. A 1963 kamfanin IBM ya kafa cibiyar koyar da aikin kwamfuta a cikinta. A wancan zamani akan huda umurni a jikin kati, a miƙa wa ma'aikacin na'ura, a dawo daga baya a karɓi sakamako. Harsunan da aka fi amfani da su su ne FORTRAN, wanda ya fito a 1957, da COBOL na 1959. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan a 1970.

Yau abin ya sauƙaƙa ƙwarai. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ƙaramar wayar da ke aljihun ɗan dako ta fi waccan babbar na'ura ƙarfi nesa ba kusa ba. Harsuna irin su Python, wanda ya fito a 1991, da JavaScript na 1995, kyauta ake samun su da darussansu a intanet.

Hanyoyin Shiga

Hanya ta farko ita ce ta makaranta. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da lissafi, sa'an nan jarrabawar JAMB. Digirin kimiyyar kwamfuta shekara 4 ne a jami'a. Ƙaramar difloma a kwalejin fasaha shekara 2 ce, babbar difloma kuma wasu 2. Wanda sana'a ba ta bar shi ya zauna aji kullum ba, yana iya neman Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002.

Hanya ta biyu ita ce gajeren horo. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA a 2001 don bunƙasa fasahar zamani. A 2023 kuma Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da nufin horar da mutum miliyan 3, aka fara da mutum 30,000.

Hanya ta uku ita ce koyon kai da kai. Ana iya farawa da waya, amma in tafiya ta yi nisa dole a sami kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce. Samari 4 ko 5 suna iya yin adashi su sayi guda ɗaya, su raba lokaci tsakaninsu.

Kada wani ya ce abin ba na ɗan Arewa ba ne. Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban NITDA a 2019, mutumin Haɗeja ne, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi kuma ya karanta kimiyyar kwamfuta. Haka nan sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce, domin mace ce, Ada Lovelace ta ƙasar Ingila, ta wallafa a 1843 abin da ake ɗauka manhaja ta farko. Aiki ne da mace za ta iya yi daga cikin gidanta.

Matsaloli Da Gargaɗi

Ba a ɓoye cewa hanyar tana da wuya. Kusan duk littattafan fannin da Turanci suke, don haka wanda makarantar allo kaɗai ya yi, sai ya fara da ajin yaƙi da jahilci. Wutar lantarki da kuɗin intanet su ma nauyi ne. Ba a ƙwarewa cikin mako biyu, kuma duk cibiyar da ta yi alkawarin haka, a bincike ta kafin a ba ta ko kwabo.

Bugu da ƙari, tun daga 2022 aka sami manhajoji irin su ChatGPT masu iya rubuta umurnin kwamfuta da kansu. Wanda ya tsaya ga kwafi kawai, ba za a daɗe ana bukatarsa ba. Wanda ake nema shi ne mai fahimtar matsala, mai iya gano kuskure ya gyara.

Babban haɗari kuma shi ne damfara ta intanet. Wannan sata ce, ba sana'a ba, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri da tara ga mai yin ta. Da amana aka gina kasuwancin Sabo, inda akan ba da shanu bashi a kan maganar maigida kawai. Bai kamata ɗan unguwar ya zubar da wannan gado ba.

Kammalawa

Mai neman aiki a wannan fanni, abin da ya gina ake fara tambayarsa. Saboda haka ya fara da bukatun da ke gabansa: littafin bashin dillali, lissafin huhunan goro, rajistar ɗaliban Islamiyya, ko manhaja mai rubuta Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ɗan ƙauye ya san farashin hatsi da halin manomi, sanin da ɗan birni ba ya da shi.

Ana kira ga iyaye, da masu gida, da malamai, su bar wa yaransu ko da sa'a 2 kowace rana don karatu, su kuma taimaka da kuɗin jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne tubalin manhaja?
2. A jera matakan ɗaure huhun goro, a nuna inda sharaɗi ya shigo.
3. Wace hanya ce ta fi dacewa da mai sana'ar yini, kuma don me?