Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Nasiha ga Mai Zaɓen Kwaleji a Oksfod ko Kambirij

Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana masu niyyar komawa karatu bayan sun manyanta,

Na ɗauki alƙalami ne dominku, ku da al'amuran duniya suka tsare a lokacin da tsararrakinku suka wuce jami'a, wani saboda hidimar iyaye, wani saboda aure, wani kuwa neman abin sawa a bakin salati, amma duk da haka wutar son ilimi ba ta mutu a zukatanku ba, har kuka ɗaga ido kuna hangen tsofaffin jami'o'in nan biyu na Ingila, Oksfod da Kambirij. A istilahinsu, duk wanda ya cika shekara 21 kafin ya fara digirin farko ana lissafa shi cikin manyan ɗalibai, kuma ƙofa a buɗe take gare shi, domin su ma sun yarda gemu ba ya hana ilimi.

Abin da ya wajaba ku fara fahimta shi ne kowace ɗaya daga cikin jami'o'in nan tamkar babban gari take mai gidaje da yawa, kowane gida da maigidansa da dukiyarsa da al'adunsa, su ne ake kira kwalejoji. Kambirij tana da 31, Oksfod kuwa fiye da 30. Jami'a ce ke shirya manhaja da lacca da jarrabawa, ita ce kuma ke ba da shahada, saboda haka digirin da ya fito daga kwalejin da ta shekara ɗari bakwai, da wanda ya fito daga wadda aka gina jiya, martabarsu ɗaya. Ita kuwa kwaleji ita ce ke karɓar ɗalibi, ta ba shi ɗakin kwana da wurin cin abinci da ɗakin karatu, ta kuma shirya masa zaman mako-mako inda shi da abokin karatu ɗaya ko biyu za su durƙusa gaban malami a warware abin da suka rubuta, jimla bayan jimla. Wanda ya taɓa ɗaukar karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. To, tun da haka ne, wanda ya zaɓi kwaleji don tsufan gininta ko don sarakunan da suka yi karatu a cikinta, ya sayi riga ne don adon wuyanta bai gwada ta a jikinsa ba.

Akwai gidajen da aka keɓe domin irinku. A Kambirij uku ne ba sa karɓar ɗalibin digirin farko sai ya kai shekara 21: Hughes Hall, wadda aka kafa a 1885 domin horar da malamai mata, da St Edmund's ta 1896, da Wolfson ta 1965. A Oksfod kuwa akwai Harris Manchester, ƙaramar kwaleji a tsakiyar gari, wadda ta sami cikakken matsayin kwaleji a 1996. Ku yi hattara da tsohon labari, domin Lucy Cavendish ta Kambirij, wadda a da ta manyan mata ce kaɗai, tun 2021 ta buɗe wa maza da mata, yaro da babba. Mace da ta fi son zama cikin 'yan'uwanta mata, ga Newnham da Murray Edwards a Kambirij. Ba a kuma haramta muku sauran kwalejojin ba, sai dai kowa ya auna kansa da gaskiya, ko magidanci mai shekara talatin zai iya jure zama tsakanin samari 'yan shekara goma sha takwas, waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin haya ba, ko kuwa hankalinsa zai fi kwanciya cikin waɗanda suka san ɗacin duniya da zaƙinta.

Daga nan sai ku yi tambayoyin da matashi ba ya yi, domin matambayi ba ya ɓata. Na farko, shin kwalejin tana karantar da fannin da kuke so? Ba kowace ce ke karɓar ɗalibi a kowane fanni ba. Na biyu, ina za ku kwana, kuma in da iyali, akwai ɗakunan ma'aurata? Irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne, ga shi kuma sharaɗi ne ɗalibi ya zauna kusa da tsakiyar gari muddin ana karatu. Zangon karatu mako takwas ne kacal, sau uku a shekara, kuma kwalejoji da yawa sukan buƙaci ɗalibi ya kwashe kayansa in an yi hutu. Wanda gidansa ke bayan teku ya tabbatar zai sami masauki na shekara cur. Na uku, kuɗi: a Kambirij ɗalibin ƙasar waje yana biyan kuɗin kwaleji daban bayan na jami'a, kuma ya bambanta daga gida zuwa gida, haka ma tallafin da suke bayarwa. Na huɗu, addini, wanda bai kamata a bar shi baya ba: a tambayi abincin halal da wurin salla. Babban masallacin Kambirij, wanda aka buɗe a 2019, yana kan titin Mill Road ne, ba nisa da Hughes Hall, alhali Wolfson tana can yammacin gari. Wannan tazara ba kome ba ce a takarda, amma aba ce a ranar Juma'a cikin sanyin hunturu.

Game da ƙa'idar nema, ana bi ne ta hukumar UCAS mai karɓar takardun neman gurbin jami'a, wa'adi kuwa 15 ga Oktoba, ko da yake kwalejojin manya na Kambirij sukan buɗe zagaye na biyu a wasu fannoni. Ba a neman jami'o'in biyu a shekara ɗaya, sai an zaɓi guda. Za su so su ga hujjar cewa kun yi karatu na haƙiƙa a 'yan shekarun nan, domin shekaru da gogewa ba sa tsayawa a madadin muraja'a. Wanda ya rasa zaɓi yana iya barin gurbin a buɗe a zaɓa masa, amma ban ga hikimar haka ga mai iyali ba. Kada kuma ku ɓata dare kuna lissafin wace kwaleji ce ta fi sauƙin shiga, domin a Kambirij, in kwaleji ta ga ɗalibi nagari ba ta da gurbi, takan miƙa takardunsa ga sauran a watan Janairu, Oksfod ma tana da irin nata tsarin.

Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Ku rubuta wa jami'in karɓar ɗalibai na kowace kwaleji da kuke tunani, ku faɗa masa shekarunku da iyalinku da halin aljihunku ba tare da kunya ba, ku dubi yadda zai amsa, sannan ku yi istihara ku zaɓi gidan da za ku iya zama cikinsa shekara uku da natsuwa. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku dawo da shi gida. Wassalam.

Naku mai fatan alheri.