Yadda Ake Rage Nauyin Sitiyarin Mota Mai Jan Taya Huɗu

Mota mai jan taya huɗu, irin su Hilux, Land Cruiser, Prado, Pajero da Patrol, gabanta ya fi na ƙaramar mota nauyi nesa ba kusa ba. Injin babba ne, ga aksul da farfelar gaba, ga manyan tayoyi. Duk da haka kamfani bai ƙera ta don direba ya riƙa kokawa da sitiyari ba. Idan har sai an haɗa hannu biyu da ƙarfin kafaɗa kafin a shiga kwanar layi, to wani abu ya canza. A gareji famfon sitiyari ake fara ɗora wa laifi, shi ya sa mai mota kan tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wani, a ɗaura, ya tayar da mota ya tarar nauyin yana nan yadda yake. Famfo shi ne abin da ya kamata a zarga a ƙarshe, domin abubuwan da suka fi kawo wannan matsala duba su ba ya cin ko sisi.

Abin da ake fara lura da shi shi ne lokacin da nauyin yake zuwa. Ko a tsaye ne kawai, ko har ana tafiya? Ko da sassafe ne ya saki idan inji ya yi zafi? Gefe ɗaya ne ko duka biyu? Ya zo rana ɗaya ne, ko a hankali ya taru? Sannan me aka taɓa a motar kafin ya fara? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi saurin kai mutum ga amsa.

Taya

Nauyin mota yana zaune ne a kan ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, kuma girman wannan wuri ya dogara da iskar da ke ciki. A lissafi na kusa-kusa, tayar da ke ɗauke da kilo 600 a kan iska 32 PSI tana taɓa ƙasa da wajen murabba'in santimita 265. Idan iskar ta sauka zuwa 20 PSI, wurin ya kan kai kusan 425. Roba ta ƙaru da kashi 60 cikin 100 a kan kwalta, kuma ita ce hannun direba zai murza duk lokacin da ya juya sitiyari.

Wannan ya fi samun masu shiga rairayi. Direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku, da masu shiga ƙauyukan da yashi ya cinye hanyarsu, suna rage iska da gangan don kada mota ta kafe, kuma dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce a hau kwalta ba a mayar da iskar ba. Ban da nauyin sitiyari, tayar tana ɗaukar zafi, kuma taya mai ƙarancin iska a kan gudu ita ce mai fashewa.

Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙarfen ƙofar direba ko a littafin mota. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. A auna da safe kafin a yi tafiya. A lokacin hunturu a ƙara sa ido, domin duk saukar zafi da digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Selsiyos yana rage kusan 1 PSI. Ɗan geji na dijital da ake sakawa a aljihu ya fi dogaro da na mai faci, wanda wataƙila ya faɗi ƙasa sau ba adadi. Wasu kuma sukan bankaɗa iska har 50 don sitiyari ya yi sauƙi. Zai yi sauƙin, amma riƙon hanya da kamun birki sun ragu, tsakiyar taya kuma ta riga gefe cinyewa.

Sai batun ado. Sauya taya daga 265/65R17 zuwa 285/70R17 yana ƙara faɗi da milimita 20, tsayi kuma da kusan 55. Mota ta yi kwarjini, babu musu. Abin da ya fi girman taya illa shi ne wili mai turo taya waje, ko faifan ƙarfen da ake sakawa a bayan wili don taya ta leƙo. A ƙirar kamfani, layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa yana sauka kusa da tsakiyar inda taya ta taɓa ƙasa, sai tayar ta juya kusan a inda take. Da an turo ta waje, sai ta koma zagaya wannan layi kamar ƙofa a kan hinjinta. Kowane rami ya bugo hannun direba, taka birki ya ja mota gefe, boris kuma ya mutu da wuri. Wanda nauyi ya fara masa bayan sauya wili, ya mayar da na asali na kwana ɗaya ya gani.

Giyar jan huɗu a kan kwalta

Hilux da Land Cruiser jerin 70 suna cikin motocin da ake kunna musu jan huɗu idan buƙata ta taso. A H4 ko L4, farfelar gaba da ta baya suna kulle da juna, gudu ɗaya suke yi dole. Amma a kwana tayoyin gaba suna bin hanya mafi tsawo fiye da na baya. A cikin laka ko yashi taya kan ɗan zame ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarfe ya fara murɗa ƙarfe. Sitiyari ya ƙage, mota ta riƙa tsalle-tsalle a kwana kamar an riƙe birki, wani lokaci ma sandar giyar ta ƙi fitowa. Maganin shi ne a mayar H2, idan ta ƙi a ɗan ja da baya 'yan mitoci a miƙe har ta saki. Motar da ke da makulli a tsakiyar wilin gaba a juya shi zuwa FREE.

Yawancin Prado da Land Cruiser 100 da 200 kullum da huɗu suke ja, kuma suna da difarensha a tsakiya mai raba gudu tsakanin gaba da baya, don haka kwalta ba ta dame su ba. Amma akwai maɓallin kulle wannan difarensha, kuma gwiwa ko hannun yaro na iya danna shi. Fitilarsa na nunawa a dashbod. Sabon mai mota da bai san alamar ba yana iya yin sati yana yawo da ita a kunne.

Mai, bel da famfo

A tsarin da ke aiki da mai, famfo yana tura mai da matsi mai ƙarfi zuwa rak ko akwatin sitiyari, man ne ke tura ƙafafun. A buɗe kofin man a duba abu uku: yawansa, launinsa da ƙamshinsa. Idan ya yi ƙasa, akwai inda yake zuba, domin wannan mai ba ya ƙonewa kamar fetur. A duba bakin tiyo da robar da ke rufe gefen rak. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya gaji. Idan yana kumfa, famfo na zuƙar iska, galibi ta tsohuwar tiyon da ke saukowa daga kofi ko ɗan zoben robar da ke bakinta. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa taimakon ke zuwa yana yankewa, famfo kuma yana kuka.

A ƙasan kofin man motocin Toyota da yawa akwai rariya 'yar siririya. Datti na toshe ta, famfo ya rasa mai alhali kofi a cike yake. Alamarta kuka da nauyi da sassafe. Cire kofin a wanke ya ceci famfuna da dama da aka riga aka yanke wa hukunci.

Game da irin man, abin da aka rubuta a murfin kofi shi ne doka. Yawancin Toyota masu wannan tsari man giya na ATF Dexron suke sha, Honda kuma tana da nata na musamman. Man birki ba ya shiga nan ko da ɗigo, yana kumbura duk robar da ke ciki. Bayan sauya mai a ɗaga gaban mota, inji a kashe, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20 ana ƙara mai, sannan a tayar.

Bel mai santsi ko sako-sako yana ihu idan an kai sitiyari ƙarshe, ya fi yi bayan an ratsa ruwa. Sai dai ba kowane famfo ne ke da bel ba: a injin 1HZ na Land Cruiser haƙoran giya ne ke juya shi. Famfo kansa ba a yanke masa hukunci da kunne. Akwai gejin da ake ɗaurawa a tiyon matsi a gwada abin da yake bayarwa da adadin da littafin gyara ya faɗa. Bakanikin da ya ce a sayo famfo bai auna ba, cinke yake yi. Riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu kuma yana dafa mai, ya kamata direba ya daina.

Gwajin jak

A ɗaga gaban mota, a tokare da ƙarfen tokara mai kyau, a kashe inji amma a bar makulli a buɗe don sitiyari kada ya kulle. Tayoyi na sama, sitiyari ya kamata ya juya da hannu ɗaya lami lafiya. Idan har a haka yana da nauyi, babu ruwan famfo da mai, ƙarfe ne ya cije: bol-join da ya bushe, kan sandar da ke tura ƙafa, ko boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansu a motoci masu aksul ɗin gaba guda irin Land Cruiser 70 da 80. Damina ce ke jawo wannan, ruwa da laka su shiga su kori giris.

Nauyin da ke zuwa yana tafiya a cikin juyi ɗaya, nan tauri nan laushi, yawanci ƙaramin kuros ne da ke kan sandar da ta sauko daga sitiyari zuwa rak. Tsatsa ce ta kama shi. Fesa mai na sassauta shi na ɗan lokaci, kuma hakan ya isa shaida cewa shi ne, amma sauyawa ce magani. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu a nan ake fara duba ta, domin sandar kan zauna a karkace.

Akwai kuma nauyin da gyara ke haifarwa. Akwatin sitiyari yana da sukurun saiti a samansa, kuma idan sitiyari ya yi wasa wasu kan ɗaure shi tam. Wasan ya ɓace, amma sitiyari ya yi tauri a tsakiya, ya daina dawowa da kansa bayan kwana. Wannan ya fi wasan haɗari. Shokazobar sitiyari ma, wadda ke kwance a gaban aksul, ba ta rage nauyi ko kaɗan, bugun hanya take tarewa. Idan dutse ya lanƙwasa ta sai ta zama birki. A kwance gefe ɗaya a sake gwadawa.

A wurin saita ƙafa da kwamfuta a nemi ganin lambar kasta. Kasta ita ce ɗan kwanciyar da layin juyawar ƙafa ya yi zuwa baya, irin kwanciyar fok ɗin keke. Ita ke sa mota ta miƙe da kanta. Idan ta yi yawa sitiyari ya yi nauyi, idan ta yi kaɗan ya yi sakayau mota ta riƙa yawo a titi. Motar da aka ɗaga mata sifirin, musamman mai aksul guda, kasta kan ragu, direba ya ji daɗin sauƙi a gari, a kan gudun kilomita 100 kuma ya gane kurensa. Rage kasta ƙasa da adadin kamfani don neman sauƙi ciniki ne na asara.

Na lantarki

RAV4 daga 2006, Highlander daga 2008, Ford Ranger daga 2015 da sabuwar Land Cruiser 250 ba su da famfo ko kofin mai. Ƙaramin moto ne ke taimakawa, sensa na auna ƙarfin hannun direba, kwamfuta na rage taimakon yayin da gudu ke ƙaruwa. Wannan moto mai cin wuta ne sosai, saboda haka batir ake fara aunawa: wajen 12.6 V mota a kashe, 13.5 zuwa 14.5 V inji na aiki. Kan batir mai gishiri ko wayar ƙasa da ta saki sun isa su kunna fitilar sitiyari a dashbod. Yawan murza sitiyari a tsaye ma yana sa kwamfuta ta rage taimako don moto ya huce, bayan 'yan mintuna ya dawo.

A nan waya na da amfani. Ɗan na'urar OBD2 mai Bluetooth na haɗuwa da manhaja ta karanto lambar matsala. Amma masu araha da yawa kwamfutar inji kawai suke gani, don haka manhaja ta ce babu matsala ba ya wanke sitiyari. Sai an samu wadda ke shiga sashen EPS na wannan kamfani.

Idan komai lafiya amma ana son ƙarin sauƙi

Girman sitiyarin kansa yana da tasiri. Wanda ya cire na kamfani mai faɗin milimita 400 ya saka na gayu mai 330 ya ƙara wa hannunsa aiki da kusan kashi 21 cikin 100, ya kuma zubar da jakar iska idan motar na da ita. Mayar da na asali shi ne gyara mafi arha a wannan sashe.

Tsohuwar mota da ba ta zo da taimakon sitiyari ba, hanya mafi aminci ita ce a nemo akwati, famfo da maƙalai na irinta da ta zo da shi daga kamfani. A YouTube ana ganin masu dasa sandar lantarki ta Prius ko Opel Corsa a tsofaffin motoci, da masu ƙara wa famfo matsi ta hanyar taɓa bawul ɗinsa, da masu ƙara silinda a kan aksul don manyan tayoyin hawan duwatsu. Duk suna aiki, kuma kowanne da farashinsa. Ƙarin matsi na fasa tiyo ya zafafa mai. Sandar lantarkin da ba ta samun labarin gudun mota taimako iri ɗaya take bayarwa a fakin da kan babbar hanya, sai mota mai tan biyu da doriya, mai tsayi, ta riƙa amsa ɗan motsin yatsa a kan gudu. Irin wannan dashe kuma sau da yawa yana buƙatar yanka da walda a kan sandar sitiyari, wurin da idan walda ta saki babu abin da ya rage tsakanin hannun direba da tayoyin gaba.